Mahaucin da Ake Kira Dokta

An yi wani mutum a nan unguwar New Bell ta Duwala, zamanin da Faransawa ke riƙe da ƙasar nan, wajen shekarun da aka gama gadar kogin Wuri. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da zuriya, wataƙila ma wani daga cikinsu yana zaune a sahun nan, kuma ba tonon asirin mamaci ya zaunar da ni ba. Ku dai saurara, ya 'yan uwa, kowa ya auna kansa.

Mahauci ne, kuma ya iya sana'arsa. Yana salla cikin jam'i, yana gaida manya, ba a taɓa jin ya zagi kowa a kasuwa ba. Gidansa na katako ne irin na lokacin, da rijiya a tsakar gida, da ɗan garke a baya inda yake ɗaure shanu kafin a kai su mayanka. Matarsa Azumi, 'yarsa guda ɗaya tak, Rakiyatu.

Shanu a wancan zamani daga Adamawa suke gangarowa. Su sha tafiya a ƙasa, sannan a ƙaraso da su a jirgin ƙasa. Kafin su iso Duwala wasu sun rame, wasu suna tari, wasu kofato ya ruɓe saboda laka. A mayanka kuwa akwai likitan dabbobi na gwamnati, yana duba kowace saniya kafin a sa mata wuƙa. Wadda ta kasa tsayawa da ƙafafunta sai ya hana a yanka ta, mai ita ya koma gida yana salati.

Mutumin nan yana kai nama bakin ruwa, wurin jiragen da ke tsayawa a tasha. Wata rana kukun wani jirgi ya ja shi gefe, ya nuna masa wani akwati cike da 'yan kwalabe masu farin gari a ciki, da sirinji na gilashi. Ya ce abin sunansa fenisilin, sabon magani ne, a ƙasar Turawa ya tashi mutanen da aka riga aka cire rai da su. Ya nuna masa yadda ake zuba ruwa a girgiza, a zuƙa, a soka. Mutumin ya karɓa ya ɓoye cikin kwandon nama.

A kan saniya ya fara gwadawa. Wata ce da ta kwanta tana numfashi da ƙyar, ya soka mata, kashegari ta miƙe tana cin ciyawa. Ya kora ta mayanka, likita ya duba ta, ya ga tana tsaye, ya ba da izini. Da aka feɗe ta, mutumin ya ga huhunta da idonsa, ya san ba ta warke ba. Allurar ta tsayar da ita ne na yini guda. Ya yanke inda ya ɓaci ya jefar, sauran ya kai kasuwa, aka saye aka dafa wa yara.

Shin bai san abin da ya yi ba? Ya sani. Ranar ya kasa haɗa ido da matan da suka tsaya gaban teburinsa. Amma kunyar farko ba ta daɗewa idan ba wanda ya gani, ya 'yan uwa. Na biyu ya fi na farko sauƙi, daga nan kuma ya zama aiki.

Sai wani tela maƙwabcinsa, Hamman, ya yi maruru a wuya, ya hana shi ɗinki. Mutumin ya ce masa ya zo bayan gida. Ya soka masa, marurun ya sace. To kun san tela, bakinsa da kekensa tare suke aiki. Kafin mako ya zagayo, duk unguwar Hausawa ta ji cewa mahaucin nan yana da pikir, allurar da ta fi ta lopital, wato asibiti. Wani ya kira shi Dokta da wasa, sunan ya bi shi.

Kada ku ce kwaɗayin abin duniya ne ya ja shi. Wallahi bai taɓa karɓar komai a hannun mara lafiya ba. Abin da ya kama shi ya fi wannan ɓoyuwa. Mutum ne da ya girma ana kiransa ɗan fawa, mai ƙarnin jini, ba a ba shi tabarmar gaba a wurin biki. Yau ga shi dattawa suna miƙe masa, mata suna sa masa albarka a hanya, ana cewa Allah ya ba unguwa nata likita. Yabon nan ya shiga jikinsa, ya ji ba zai iya rayuwa babu shi ba. Malamai suna kiran wannan riya, kuma tana iya shiga cikin sadaka ta zauna daram.

Yadda yake rabon maganin, kamar yadda muke rabon goro ne. Kun san mu, idan baƙi sun fi goro yawa, sai a ɓare a gutsuttsura don kada wani ya tashi hannu banza. Haka ya yi. Kwalbar da aka yi don mutum ɗaya, shi sai ya ƙara mata ruwan rijiya ya raba wa duk wanda ke zaune a zaure. Mai tari ya samu, mai ciwon kai ya samu, mai gajiyar tafiya ma ya samu. Wanda ya ji sauƙi ba ya komowa, shi kuma ba ya nemansa. A wurinsa korar mutum ba a yi masa komai ba rowa ce, kuma ya fi son a ce masa komai da a ce masa marowaci.

Allurar da ta shiga saniya da safe ita ke shiga cinyar yaro da hantsi. Ya ɗauraye ta a ƙwarya, ya watsa ruwan a bayan ɗaki. Kwalaben da suka ƙare a kwata yake zubar da su. Ga kashin shanu da fitsarinsu, shanun da ya ɗura wa magani, a tare a garke. Ni zan gaya muku ruwan saman Duwala? Idan ya sauko, garke da kwata da tsakar gida duk abu ɗaya suke zama, kuma rijiyoyinmu ba su da zurfi. Abin da ya fita daga bayan gidan mutumin nan ya shiga tulun maƙwabta, ya shiga nasa.

Akwai wani ma'aikacin asibiti a unguwar, Bakari, mutumin Garwa, wanda ke aikin jinya a babban asibitin gari. A masallaci ɗaya suke salla. Wata rana bayan la'asar ya jira har mutane suka watse, sannan ya matso kusa da shi, don ba ya so ya kunyata babba a gaban jama'a.

Ya ce, "Yaya, ina da magana, ka yi mini haƙuri. Mutanen unguwar nan suna zuwa mana da gyambo da ƙuraje, mu yi musu fenisilin yadda ya kamata, ya ƙi ci. Da ba haka yake ba. Idan na tambaya, sai in ji sun biyo ta zaurenka."

Mutumin ya ce, "To laifi ne don na taimaki 'yan uwana?"

Bakari ya ce, "Ciwon nan abu ne mai rai, Yaya, ƙanana ne ido ba ya ganinsu. Idan an ba su magani cikakke har kwanakinsa suka cika, sai su mutu. Idan an ɗanɗana musu kaɗan aka bari, raunanan ne suke mutuwa, masu taurin su saura su hayayyafa. Kamar ɓeran da ya lashi guba bai mutu ba, gobe ko ka zuba masa ba ruwansa. Kuma ba a jikin mutum ɗaya suke tsayawa ba. Suna bin hannu, suna bin nama, suna bin ruwa. Don Allah ka bari. Ran da za ka nemi maganin nan da gaske, ba zai amsa maka ba."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ƙona shi, ya san gaskiya ce. Shi da kansa ya lura shanun da a da soka ɗaya ke tayar da su, yanzu sai ya maimaita. Marurun Hamman tela ya dawo, ya soka ya soka, ko gezau. Ya yi wa Bakari godiya, ya tashi da niyyar ya bari.

Da gari ya waye sai ga mata a ƙofar gida da yara a goye, suna cewa, "Dokta ya fito? A taimaka mana da pikir." Me zai ce musu? Ya ce ni mahauci ne, ban san komai ba, duk abin da na yi muku a baya kuskure ne? Ya tsaya a zaure yana kallonsu. Sannan ya juya ya ɗauko akwatin.

Ya 'yan uwa, kafin ranar nan ana iya cewa jahilci ne. Daga ranar nan kuwa ba shi da wannan uzurin.

Ana nan, Rakiyatu ta yi aure. Mijinta Hamadu, yaron kirki ne, yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Da cikinta ya tsufa aka dawo da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda muke yi wa mai haihuwar fari. Uban yana ji da ita, ko da yake kunyar 'yar fari ba ta barinsa ya kira sunanta, sai dai ya ce yarinyar nan. Ƙaunarsa ta hanyar allura take fita. Ta ce kanta yana sarawa, ya soka mata. Ta ce bayanta ya riƙe, ya soka mata.

Ta haihu lafiya, namiji. Aka shiga wankan jego da ruwan rijiyar gidan. Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ta, mararta ta ɗauki ciwo, jikinta ya yi zafi har uwar ba ta iya barin hannu a goshinta.

Azumi ta same shi a garke, ta ce, "Malam, yarinyar nan ba zazzaɓin jego ba ne. Na ga masu jego da yawa. Mu kai ta lopital."

Ya ce, "A bari a yi suna."

Ta ce, "Suna ya fi ranta?"

Ya ce, "Na gayyaci sarkin fawa, na gayyaci limamai, ga sa can a ɗaure. Ki ce in bari a taru a gidana a ji 'yar Dokta tana kwance a asibitin Nasara? Da wane ido zan dubi mutane? Ni zan tashe ta."

Kun ji kalmar da ya faɗa. Bai ce zai warkar da ita ba, ya ce zai tashe ta. Abin da ya saba yi wa saniya don ta wuce gaban likita, shi ya yi wa 'yar cikinsa don ta wuce gaban baƙi. Ya soka mata safe da yamma, wannan karon bai tsinka da ruwa da yawa ba, don tasa ce. Uwar ce ke riƙe mata ƙafa tana hawaye.

Ranar suna Rakiyatu ta tashi. Aka yi mata wanka, aka ɗaura mata sabuwar atamfa, aka zaunar da ita a bakin gado da jariri a cinya. Mata suna shiga suna guɗa, suna cewa mai jego ta yi kyau. Tana murmushi, haƙoranta suna haɗuwa, ta danne da gefen mayafi. A waje an yanka sa, an raba goro, maroƙi yana kirarin Dokta, uban marasa lafiya. Mutumin yana zaune a tabarmar gaba, yana amsa gaisuwa, kunnensa yana cikin gida.

Kafin a gama wanke tukwanen biki Rakiyatu ta faɗi. Hamadu bai nemi shawarar kowa ba, ya fita da gudu ya samo mota, aka ɗauke ta sai babban asibiti. Rabin unguwa suka biyo baya, suka cika baranda.

Likitan Bafaranshe ne, Bakari ke fassara masa. Ya duba ta, ya ga tabon allura a cinyoyinta, ya yi tambaya. Bakari ya juyo wurin uban, ya yi magana a hankali, yana kallonsa ido cikin ido.

Ya ce, "Yaya, likita yana tambaya, wace allura aka yi mata? Ka faɗa mana daidai. Idan fenisilin ta sha har ya ƙi, ba za mu ɓata lokaci da shi ba. Akwai wani magani, kaɗan ne a asibitin nan, ba a fitar da shi sai an tabbata na farko ya gaza. Maganarka ce za ta sa a buɗe shi yau."

Ga hanya a buɗe, ya 'yan uwa. Kalma ɗaya ake nema. Mutumin ya waiga, ƙofar ɗakin a buɗe take. Ga sarkin fawa a tsaye, ga Hamman tela, ga surukinsa Hamadu, ga matan da ya soka wa 'ya'yansu. Ya tuna kuma maganin ta bayan fage ya same shi, Bature zai iya kiran 'yan sanda. 

Ya ce, "Kinin ne. Na zazzaɓin sauro."

Bakari bai yarda ba. Ya durƙusa kusa da gadon, ya ce, "Rakiyatu, kina jina? Wace allura ce aka yi miki a gida?"

Tana ji. Ta san kwalaben, tun tana budurwa take ganinsu. Ta buɗe ido ta dubi ubanta, ta ga yadda gumi ya jiƙa masa riga, ta ga mutanen da ke bakin ƙofa. Yarinya ce da aka yi wa tarbiyya, ba ta taɓa ƙaryata shi ko a cikin ɗaki ba, balle a gaban jama'a.

Ta ce, "Yadda Baba ya faɗa, haka ne."

Ta juya fuskarta bango. Azumi ta buɗe baki, mijin ya kalle ta, ta rufe. Likita ya rubuta fenisilin.

Ban san yadda zan kwatanta muku kwanakin da suka biyo baya ba. Kullum da safe mutumin yakan fito daga gida ya ce yau zan faɗa. Ya bi layin dogo yana shirya maganar a bakinsa. Ya iso asibiti ya tarar da 'yan dubiya a baranda, su miƙe su ce, "Sannu Dokta, ai kai ka san kan abin nan, yaya ka ga jikin?" Sai ya ce da sauƙi. Ya shiga ya tsaya daga ƙafar gado, bai iya kallon fuskarta. Ita kuwa duk sanda ta farka sai ta ce, "Baba, sannu da zuwa, ka ci abinci?" Wannan gaisuwar ta fi masa zagi ciwo.

Ana yi mata allura a kan lokaci, cikakkiya, yadda aka tsara. Ciwon ko a jikinsa, don ya riga ya san maganin tun a gida. Ya san shi a garke, ya san shi a rijiya, ya san shi a jikinta.

Ranar da ta daina gane mutane, ranar ya faɗa. Ya kama hannun Bakari a bayan ɗakin magani, inda ba kowa, ya ce, "Fenisilin ne. Tun tana da ciki nake yi mata." Bakari ya fizge hannunsa ya ruga wurin likita. Aka buɗe wancan maganin, aka ba ta. Jikin ya riga ya gaji. Kashegari kafin azahar Allah ya karɓi abarsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajali gaskiya ne, ba mai ƙara wa rai ko daƙiƙa. Amma kada wani ya fake da ƙaddara, ya 'yan uwa. An rubuta ajali, an kuma rubuta wa kowa abin da hannunsa ya aikata.

Aka yi jana'iza, aka zauna makoki. Masu gaisuwa suna zuwa suna cewa, "Haƙuri Dokta, ai ka yi iyakar ƙoƙarinka. Wanda ya ceci 'ya'yan mutane, ga tasa ta gagara." Kowace kalma tana sauka a kansa, yana amsawa da amin, kansa a ƙasa. Abinci ya ƙi shiga. Ya kwashe sauran kwalaben ya fasa su a kwata, ko a nan ma bai tsaya ya yi tunanin inda ruwan zai kai su ba.

Da aka share makoki Azumi ta ɗaure kayanta. Ta tsaya a bakin ɗakinsa, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Malam, ba zan tona ka ba. Ita ma ba ta tona ka ba. Amma ni na riƙe mata ƙafa, kuma na yi shiru a gaban likita. Idan na dube ka, kaina nake gani. Ka sallame ni in tafi wurin dangina."

Ya sallame ta. 

Sai ya tafi wurin Hamadu, wanda ya kai jaririn wurin yayarsa tana shayar da shi. Dattijo ya cire hula, ya durƙusa gaban surukinsa, yaron da a haife ya haife shi. Ya faɗa masa komai, ya roƙi gafara. Hamadu ya saurare shi, hawaye na bin gemunsa.

Sannan ya ce, "Baba, tashi, kada ka sa ni cikin zunubi. Nawa haƙƙin na yafe. Na yaron nan, sai ya girma ka tambaye shi. Nata kuwa ba a hannuna yake ba. Ka san inda take."

Daga ranar mutumin ya shiga bin gidaje. Ya yi sallama a zaure, ya ce ni ne wanda kuke kira Dokta, ni ba likita ba ne, na cuce ku, ku yafe mini. Wasu suka yafe don kunya. Wasu suka rufe ƙofa. Wata mata da ɗanta ya rasa ƙafa saboda gyambon da ya ƙi magani ta tsaya ta saurare shi har ya gama, sannan ta shige ciki. Labari ya kai kasuwa, ba wanda ya ƙara tsayawa a teburinsa. Sarkin fawa ya aiko a gaya masa ya huta. Garke ya zama kango, rijiyar aka cike ta da ƙasa.

Kuma ina zai sami sauran? Fataken da suka karɓi allura suka koma arewa da ciwon a jikinsu, ina zai gan su? Waɗanda suka ci naman a unguwannin Akwa da Deido, ya san sunansu? Yaran da suka sha ruwan da ya gangaro daga bayan gidansa, wa zai ƙirga su? Zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, tuba na wanke shi. Haƙƙin mutane sai mai shi ya yafe, shi kuwa ya ɗauki haƙƙin mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Dattawan da suka ba ni labarin sun ce ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Yakan zo masallaci bayan an tayar da salla, ya tsaya a sahun ƙarshe, ya fita kafin a juyo. Kowace Juma'a, idan an sauko, sai ya kama hanyar maƙabarta. Ya je har bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya tsaya. Masu haƙar kabari sun san shi, sukan ce, "Baba, shigo mana, ga kabarin can, mu raka ka." Sai ya ce to, bari in ɗan huta. Ya zauna a gindin katanga har rana ta yi sanyi, ya sa takalminsa ya koma. Bai iya haɗa ido da ita tana raye ba, bai iya tsayawa a kanta tana kwance ba. Bai taɓa ƙetare ƙofar nan ba sai ranar da aka shigar da shi a makara.

To, ya 'yan uwa, na ga wasu suna girgiza kai, suna cewa wannan mutum ya yi ɓarna. Ku dakata tukuna. Wane ne cikinmu bai taɓa sayen kafso a bakin titi ba, ja da baƙi, ya haɗiyi biyu ya ajiye sauran don gaba? Wace uwa ce ba ta ba ƙane ragowar maganin wansa ba? Masu kiwon kaji, me kuke zuba musu a ruwa kullum, alhali lafiyarsu lau? Masu shanu da tumaki, sau nawa aka soka wa dabba yau aka yanka ta gobe? Maganin da ya lalace, a ina muke zubar da shi in ba a kwata ba? Mutumin nan akwati ɗaya gare shi. Mu yau kowane gida da nasa.

Magani ni'ima ce daga Allah, kuma amana ce. Ba naka ba ne kai kaɗai. Duk sanda ka yi wasa da shi, ka rage masa ƙarfi a jikin maƙwabcinka da jikin jikanka. Jikin ɗan Adam da jikin dabba da ruwan da ke bin ƙasa, Allah ya haɗa su, abin da ka zuba a ɗaya zai same ka a ɗayan. Idan ba ka da lafiya, je wurin wanda ya sani. Idan an rubuta maka, ka shanye har ƙarshe, ko ka ji sauƙi. Kada ka raba, wannan ba wurin kyauta ba ne. Dabbar da aka yi wa magani a jira ta har ya fita daga jikinta.

Idan kuma an tambaye ka a gaban likita me ka sha, me ka ba yaro, ka faɗi gaskiya ko duk unguwa na tsaye a bakin ƙofa. Kunya tana daga cikin imani idan ta hana ka saɓo. Wadda ta hana ka cewa ban sani ba, ta hana ka cewa na yi kuskure, wannan girman kai ne ya sa rigar kunya. Ku kuma iyaye, kada ku sa 'ya'yanku a inda za su zaɓa tsakanin mutuncinku da ransu, domin na kirkin cikinsu ku za su zaɓa.

Allah ya jiƙan Rakiyatu, ya haskaka kabarinta. Shi ma wannan bawa, Allah ya dubi nadamarsa, ya biya masa haƙƙoƙin da ya kasa biya. Allah ya raba mu da son yabo, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya bar wa magani albarkarsa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu daga abin da hannuwanmu suka shuka. Amin.